Mu 'Yan Zango Da Labarin Yahudawan Turai

  A wannan karo za mu taɓo wata magana mai nauyi, wadda mun san ba kowa ne zai ji daɗinta ba, to amma gaskiya ɗaci gare ta, kuma aikin malamin makaranta ne ya faɗe ta ko da ajin ya yi tsit.

Tun da yaƙin Gaza ya ɓarke a watan Oktoba na 2023, wata magana ta sami gindin zama a majalisunmu na nan Kwatano, daga teburin mai shayi zuwa rumfunan kasuwar Dantokpa, har ta gangaro bakin yaranmu 'yan lakwal. Sai ka ji mutum mai salla da azumi yana yabon Hitila, wai shi ne ya san maganin Yahudawa. Wani kuma ya ce ai labarin duk ƙarya ce, Turawa suka ƙaga shi. Abin mamaki, sau da yawa baki ɗaya ne ke faɗin duka biyun, alhali kuwa in abin bai faru ba, to, a kan me ake yabon Hitila? Ba mu raina zafin zuciyar da ke jawo wannan furuci ba, domin mu ma muna ganin hotunan yaran Gaza, kuma za mu zo kan wannan. Abin da muke so mu tabbatar shi ne, Musulmi ba shi da hurumin yin murna da kisan da aka yi wa Yahudawan Turai, ko ya ƙaryata shi. Ɗan Zango kuwa, wanda ake kira baƙo ko da an binne kakansa a garin, ya fi kowa bukatar ya san yadda abin ya faro.

Bari mu fara da abin da ya auku. Lokacin da Hitila ya hau mulkin Jamus a watan Janairu na 1933, Yahudawan ƙasar ba su wuce kimanin 500,000 ba, wato ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na jama'a ba. Kakanninsu sun yi ɗaruruwan shekaru a wurin, Jamusanci ne harshensu, da yawansu ma sun yi wa Jamus yaƙi a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ba da kisa aka soma ba, da baki aka soma. Aka ce su ne suka jawo wa ƙasa faɗuwa a yaƙi, su ne suka tattare kasuwa, su baƙi ne masu cin amana. Ranar 1 ga Afrilu 1933 aka tsayar da 'yan banga a ƙofar kantunansu don hana mutane sayayya. Daga nan aka kori malamansu da ma'aikatansu daga aikin gwamnati. A 1935 aka yi dokokin Nuremberg, aka ƙwace musu 'yancin zama 'yan ƙasa, aka haramta auratayya da su. A daren 9 ga Nuwamba 1938 aka ƙone ɗaruruwan wuraren ibadarsu, aka farfasa dubban kantuna, 'yan sanda na tsaye suna kallo.

Masu neman gudu kuwa suka tarar da ƙofofi a rufe. A watan Yuli na 1938 ƙasashe 32 suka taru a garin Evian na Faransa don duba batun, aka sha jawabai aka watse, kusan kowace ƙasa ta ce ba ta da wuri. A 1939 wani jirgin ruwa mai suna St. Louis ya kwashi mutum fiye da 900 har gaɓar Kyuba da Amurka, aka hana mafi yawansu sauka, ya juyo da su Turai.

Da yaƙi ya kankama sai aka shiga kisa gadan-gadan. A wani kwazazzabo da ake kira Babi Yar, a gefen birnin Kiev, an harbe Yahudawa 33,771 cikin kwana biyu, 29 da 30 ga Satumba 1941, kuma makasan ne da kansu suka rubuta wannan adadi a rahoton da suka aika wa manyansu. Ranar 20 ga Janairu 1942 manyan jami'ai suka zauna a Wannsee, kusa da Balin, suka tsara yadda za a kwaso sauran daga duk faɗin Turai. Aka riƙa loda mutane cikin taragun dabbobi zuwa sansanonin da aka gina a ƙasar Polan, inda ake kashe su da iskar guba a ƙone gawarwakin. A sansanin Auschwitz kaɗai an kashe kimanin mutum miliyan ɗaya da dubu ɗari, mafi yawansu Yahudawa, kafin sojojin Rasha su isa wurin ranar 27 ga Janairu 1945. Jimilla an hallaka kimanin Yahudawa miliyan 6, a cikinsu akwai yara wajen miliyan ɗaya da rabi. Don mai karatu ya gane girman abin, ƙidayar da aka yi a nan Benin a 2013 ta ba da mutum miliyan 10. Ke nan waɗanda aka kashe sun fi rabin jama'ar ƙasar nan ta wancan lokaci, tun daga Kwatano har Malanbil.

Mai cewa ƙarya ce sai ya gaya mana yadda zai yi da takardun 'yan Nazi na kansu, da jadawalin jiragen ƙasa, da shaidar Rudolf Höss, kwamandan Auschwitz, wanda ya tsaya gaban kotun Nuremberg a 1946 ya bayyana yadda aka gudanar da aikin. Sai kuma ya gaya mana ina mutane sama da miliyan huɗu da rabi suka shiga, waɗanda aka tattara sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Ita kanta Jamus ba ta musun abin, hasali ma laifi ne a dokarta mutum ya musa. Mai laifi ya amsa laifinsa, sai mu da ke Zango ne za mu rantse a kan bai yi ba?

Wani zai ce wannan rigimar Turawa ce, ina ruwan biri da gada. To, a nan ne ya kamata mu buɗe ido, domin wutar ta laso mu. A littafin da Hitila ya fitar a 1925, ya zargi Yahudawa da cewa su suka kawo baƙaƙen sojoji bakin kogin Rhine don su gurɓata jinin farar fata. Sojojin da yake nufi kuwa su ne na Faransa da aka ɗebo daga Afirka. 'Ya'yan da waɗannan sojoji suka haifa da matan Jamus, a 1937 aka tattara ɗaruruwansu aka yi musu aikin da ba za su taɓa haihuwa ba. Da Jamus ta afka wa Faransa a 1940, sojojin Hitila sun riƙa ware baƙaƙen fursunonin yaƙi daga farare su harbe su. A ƙauyen Chasselay, kusa da birnin Lyon, ranakun 19 da 20 ga Yuni 1940, haka aka yi wa sojojin da ake kira 'yan Sanigal, alhali daga ko'ina cikin Afirka ta Yamma ta Faransa aka ɗebo su, kuma da yawansu Musulmi ne. Har yau maƙabartarsu na nan da jar ganuwa irin ginin ƙasashenmu, inda mutum 188 daga cikinsu ke kwance. Masana tarihi sun ƙiyasta baƙaƙen sojojin da aka kashe ta wannan hanya cikin 'yan makonni tsakanin 1,500 zuwa 3,000. A fagen yaƙin Rasha kuma, a farkon mamayar 1941, an harbe fursunoni Musulmi masu yawa saboda an ga suna da kaciya, aka ɗauka Yahudawa ne. Wannan shi ne mutumin da ɗanmu ke liƙa hotonsa a waya.

Ita kanta Dahome ba ta tsira ba. Daga 1940 zuwa ƙarshen 1942, gwamnan Dakar, Pierre Boisson, yana bin gwamnatin Vichy mai ɗasawa da Hitila, kuma dokokin wariyar Yahudawa sun yi aiki har a ƙasashen mulkin mallaka. Ranar 10 ga Nuwamba 1941 aka harbe 'yan Dahome biyu a Dakar, Albert Idohou da Agoussi Wabi, tare da wani ɗan Nijeriya, Aloysius Odewole, saboda sun yi wa ɓangaren da ke yaƙar Hitila aiki. Haka kuma a 1941 gwamnatin Vichy ta ɗauri aniyar shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa ta ratsa Sahara, daga Bahar Rum har bakin kogin Kwara, wannan dai da ke wucewa tsakanin Gaya da Malanbil. Waɗanda aka sa aikin tilas a cikin rairayin Maroko da Aljeriya, a sansanoni irin su Bou Arfa da Berguent, akwai dubban 'yan gudun hijira da Yahudawa. Dogon bai iso ba, amma wajenmu ya nufo, kuma mu da kakanninmu suka ɗanɗana aikin tilas na Bature mun san abin da ake nufi.

To, ina Musulmi suka tsaya a wancan zamani? Amsar gaskiya ita ce, sun rabu kamar yadda kowace al'umma ta rabu. Akwai waɗanda suka bi Hitila. Muftin Ƙudus, Alhaji Aminul Husaini, ya gana da shi a Balin ranar 28 ga Nuwamba 1941, ya yi masa farfaganda a rediyo, ya kuma taimaka wajen ɗaukar samarin Bosniya cikin rundunarsa a 1943, bisa tunanin cewa maƙiyin Ingila abokinsa ne. A Bagadaza, ranakun 1 da 2 ga Yuni 1941, 'yan tarzoma sun far wa unguwannin Yahudawa sun kashe fiye da mutum ɗari. Ba za mu share wannan daga allo ba. Amma dubban ɗaruruwan Musulmi daga Afirka da Indiya da ƙasashen Rasha sun yi yaƙi da Hitila, kuma akwai waɗanda suka yi abin da ya fi yaƙi wuya, wato ɓoye maƙwabci a cikin ɗaki alhali hukuncin yin haka kisa ne.

Mu ɗauki gidan Mustafa Hardaga da matarsa Zainaba a birnin Sarayebo na Bosniya. A watan Afrilu na 1941 bom ɗin Jamus ya rushe gidan wani abokin hulɗarsu Bayahude, Yusufu Kabiljo, sai suka ɗauke shi da iyalinsa suka shigar da su cikin gida. Gida ne na masu riƙon addini, matansa ba sa fita sai da lulluɓi, amma aka mai da baƙin nan 'yan gida. Ofishin 'yan sandan ciki na Jamus yana daura da su, ga sanarwa a bango cewa duk wanda ya ɓoye Bayahude za a kashe shi. Da aka kama Yusufu aka sa shi sharar ƙanƙara a titi da sarƙa a ƙafa, Zainaba ce ke kai masa abinci, shi da sauran fursunoni. Mahaifinta, Ahmad Sadik, shi ma ya ɓoye wani iyali na Yahudawa, aka kama shi, ya mutu a sansanin Jasenovac. Iyalin Kabiljo sun tsira. Bayan shekara hamsin sai reshe ya juye da mujiya: Sabiyawa suka yi wa Sarayebo ƙawanya suna ruwan wuta a kan Musulmi. A farkon 1994 Yahudawa suka yi tsaye aka fitar da Zainaba, ta tsufa ga rashin lafiya, tare da 'yarta da surukinta da jikarta, daga cikin wannan wuta. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

A Albaniya, ƙasar da mafi yawan jama'arta Musulmi ne, suna da wata al'ada da suke kira besa, wato riƙon alkawari da amanar wanda ya fake a gidanka. Kafin yaƙi Yahudawan ƙasar ba su wuce kimanin 200 ba, amma da aka gama yaƙi sai ga su wajen 2,000, saboda waɗanda suka gudo daga maƙwabta an rarraba su gida-gida, an sa musu tufafin ƙauye da sunayen Musulmi. A birnin Aljas kuwa, lokacin da 'yan Vichy suka ƙwace dukiyar Yahudawa suka nemi masu riƙe ta da lada mai tsoka, limamai sun hau mumbari sun gargaɗi Musulmi kada su taɓa, kuma jama'a sun ji, duk da talaucin da ake ciki. Dan kasuwar Dantokpa ya san nauyin wannan: a ce ga kantin maƙwabcinka a ɓagas, ka ce a kai kasuwa. A tsakiyar Balin ma, wani likita ɗan Masar, Muhammad Hilmi, ya ɓoye wata yarinya Bayahudiya tun 1942 har aka gama yaƙi.

Waɗannan bayin Allah ba sabon addini suka ƙago ba. Aya ta 32 ta Suratul Ma'ida ta daidaita kashe rai ɗaya ba da hakki ba da kashe mutane duka, ta kuma daidaita ceton rai ɗaya da ceton mutane duka. Aya ta 8 ta wannan sura ta hana mu barin adalci saboda ƙiyayyar da ke tsakaninmu da wasu mutane. A lura, ba a yi wannan umarni don masoyi ba, domin yi wa masoyi adalci ba ya bukatar aya. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa an wuce da gawa ta gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya miƙe tsaye. Da aka gaya masa ta Bayahude ce, sai ya tunatar da sahabbai cewa shi ma rai ne. In an miƙe wa gawa ɗaya, da wane fiƙihu za a yi wa gawa miliyan shida dariya?

Tarihinmu ma ya nuna hanyoyin nan biyu. A 1492, da Sifaniya ta kori Yahudawanta, Sarkin Musulmi na Daular Usmaniyya, Bayazidu na Biyu, ya buɗe musu ƙasarsa, shi ya sa ma aka sami Yahudawa a Sarayebo. A daidai wannan zamani ne Shaihu Magili, wanda ya zo Kano lokacin Sarki Muhammadu Rumfa kuma muke girmama iliminsa, ya ja gaba aka rushe wurin ibadar Yahudawan Tuwat a cikin Sahara. Alƙalin Tuwat na lokacin, Abdullahi al-Asnuni, bai yarda da shi ba, ya tsaya a kan cewa suna da alkawarin amana. Ke nan tun a wancan lokaci malamai sun yi saɓani, kuma ba a rasa mai tsayawa a gefen amana ba. A zamaninmu, ranar 23 ga Janairu 2020, babban sakataren Rabiɗa ta Makka, Shaihu Muhammad al-Isa, ya ja tawagar malamai zuwa Auschwitz, suka yi salla a wurin.

Yanzu sai mu zo kan Falasɗinu, domin mun san nan ne gizo ke saƙa. Gaskiya ne a 1948 an raba Falasɗinawa fiye da 700,000 da gidajensu, kuma ba su suka gina Auschwitz ba. Gaskiya ne bayan harin 7 ga Oktoba 2023, wanda aka kashe kimanin mutum 1,200 a Isra'ila, an kashe dubun dubatar mutane a Gaza, da mata da yara ba iyaka. Gaskiya ne kuma akwai 'yan siyasar da ke fakewa da kisan Turai don toshe bakin mai sukarsu. Duk wannan muna da damar faɗinsa da babbar murya. Amma yarinyar da aka shaƙe da guba a Polan a 1943 ba ta taɓa ganin Gaza ba, ƙasar Isra'ila ma ba a kafa ta ba sai bayan mutuwarta da shekara biyar. Addininmu ya koya mana cewa wani rai ba ya ɗaukar nauyin laifin wani. Mu da ke ƙorafi kullum idan aka kira kowane mai rawani ɗan Boko Haram, bai kamata mu ɗora wa kowane Bayahude, na da da na yanzu, laifin wata gwamnati ba. Cikin masu zanga-zangar neman a tsai da yaƙin Gaza a Amurka da Ingila, ai har da Yahudawa, wasunsu jikokin waɗanda suka tsira daga sansanonin nan.

Akwai kuma wani abu da masu musu ba su lura da shi ba. Kalmar da dokar duniya ke amfani da ita a kan kisan ƙare dangi, wani lauya Bayahude ɗan Polan, Raphael Lemkin, shi ya ƙirƙiro ta a 1944, kuma shi kansa an kashe masa dangi da dama. Da naci da bin ofisoshi ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar hana wannan laifi ranar 9 ga Disamba 1948. Da wannan yarjejeniya kotun duniya ta yanke a 2007 cewa kisan Musulmi fiye da 8,000 a Srebrenica a watan Yuli na 1995 kisan ƙare dangi ne. Da ita Gambiya ta kai Myanmar ƙara a 2019 saboda Musulmin Rohingya. Da ita kuma Afirka ta Kudu ta kai Isra'ila ƙara a watan Disamba na 2023. Wanda ya ce kisan Yahudawa ƙarya ne, reshen da yake zaune a kai yake sara. In ka yi wa kukan wani dariya, ranar da ka zo da naka sai a tuna maka.

Masu karatunmu da suka yi lakwal sun san sunan Roger Garaudy, Bafaranshen da ya musulunta a 1982, wanda kotun Faris ta ci tararsa a 1998 saboda littafin da ya rubuta na shakkar wannan kisa, littafin da ya zaga ƙasashen Musulmi ƙwarai. Shi da kansa ya sha ba da labarin cewa, lokacin da 'yan Vichy suka tsare shi a sansanin Jalfa na Aljeriya, an umarci sojoji Musulmi su harbe fursunoni, suka ƙi ɗaga bindiga a kan wanda ba shi da makami. A ganinmu, halin waɗannan sojoji shi ne abin koyi, ya fi abin da ya zo ya rubuta daga baya.

Daga ƙarshe, mu dawo gida. Mene ne Zango in ba masaukin baƙi ba? Kakanninmu fatake sun sauke kaya a Jugu da Paraku da Ajashe da Kwatano, aka ba su wuri, suka hayayyafa. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, kuma tarihin yankin nan ya nuna yadda rana kan fito wa raɓa ba shiri. A watan Oktoba na 1958 an kori 'yan Dahome da 'yan Togo daga Abijan. A ƙarshen 1963 Nijar ta kori ma'aikata 'yan Dahome a kan rigimar tsibirin Lete. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta Gana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice, zangunan Kumasi da Ankara suka girgiza, mutane suka sayar da gidaje a wulaƙance. A 1978 Gabon ta koro dubban 'yan Benin. A watan Janairu na 1983 Nijeriya ta kori baƙi fiye da miliyan ɗaya, dattawanmu sun ga yadda suka yi cincirindo daga iyakar Seme. Ba mu ce waɗannan daidai suke da abin da aka yi a Turai ba, tazarar da ke tsakani mai nisa ce. Amma matakin farko iri ɗaya ne: tattalin arziki ya taɓarɓare, sai a nuna baƙo da yatsa a ce shi ne. A watan Maris na 2025 ma, a garin Uromi na jihar Edo, an kashe matafiya 16 'yan Arewa a kan hanyarsu ta zuwa Kano, bisa zargin da ba wanda ya tsaya bincikensa. Laifi kuwa tudu ne, ka taka naka ka hango na wani: a 1966 a garuruwan Arewacin Nijeriya aka kashe dubban 'yan ƙabilar Ibo, waɗanda su ne baƙin Sabon Gari a lokacin. Ba wata al'umma da Allah Ya yi wa katanga daga zama wadda aka zalunta, ko mai zalunci.

Amma irin su Zainaba ba su ƙare ba. Ranar 23 ga Yuni 2018, a ƙauyen Nghar da ke Barikin Ladi a jihar Filato, Liman Abubakar Abdullahi ya shigar da mutum 262, mafi yawansu Kiristoci, cikin masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya hana 'yan bindiga shiga. A 2014, a garin Bossemptélé na Afirka ta Tsakiya, wani fada ɗan Togo, Bernard Kinvi, ya ɓoye ɗaruruwan Musulmi a asibitin mishan lokacin da ake farautarsu. Ɗaya liman, ɗaya fada, aiki iri ɗaya.

Mu a nan Benin Allah Ya yi mana baiwar zaman lafiya. Muna kasuwa ɗaya da Kirista da mai bin Vodun, ɗan zemijan ba ya tambayar addininka kafin ya ɗauke ka. Amma zaman lafiya shuka ce, sai da ban ruwa. Don haka ga 'yar shawara. Iyaye, idan yaro ya kawo hoton Hitila a waya, kada a yi dariya, a zaunar da shi a ba shi labarin Chasselay, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. 'Yan'uwanmu malaman lakwal da na islamiyya, Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 27 ga Janairu tun 2005 don tunawa da wannan kisa. Darasin rabin awa ya isa, a haɗa shi da na cinikin bayi, tunda Ƙofar Rashin Dawowa tana nan Wida kusa da mu, a haɗa da na Ruwanda a 1994 da na Srebrenica, yara su ga yadda baki ke share wa wuƙa hanya. Malamanmu masu wa'azi, muna roƙonku da girmamawa, a yi wa Falasɗinawa addu'a da taimako iyakar iko, a la'anci zalunci da azzalumi, amma a bambance tsakanin mai laifi da jinsin da ya fito. Mu kuma sauran jama'a, mu daina amfani da sunan Bayahude a matsayin zagi ga mai rowa ko mai wayo a kasuwa, domin mun san zafin da muke ji idan aka mai da sunan Bahaushe abin zagi a wani gari. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, in kuwa da sauran ruwa a butar, to, ka taimaka a kashe tasa.

Allah Ya jiƙan waɗanda aka zalunta, Ya kawo wa mutanen Falasɗinu mafita, Ya tsare mu daga zalunci da goyon bayan azzalumi, Ya zaunar da ƙasarmu Benin lafiya.